Zuwa Ga Matasa: Wa Fushinku Yake Yi Wa Aiki?



Ba zan fara da ce muku ku yi haƙuri ba. Kun sha jin haka har ya gundure ku: an faɗa muku a rediyo, an faɗa a kan mumbari, wanda ya ƙoshi ma ya sauke gilashin motarsa ya faɗa muku. Abin da nake so mu tattauna shi ne ɗacin nan da ke zukatanku game da masu kuɗi da masu mulki, wanda ake ji a teburin mai shayi, a cikin adaidaita sahu, har a bakin yaran da ko gemu bai fito musu ba. Da zarar wata doguwar mota mai baƙin gilashi ta wuce da jiniya, sai ka ji an ce "Allah ya isa", "ɓarayi", "sun cinye ƙasa". Sau tari mai faɗar ko sanin wanda ke ciki bai yi ba.

Bari in fara ba ku gaskiyarku. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto cewa 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, wanda ya haɗa da rashin makaranta, rashin asibiti, rashin ruwa mai tsabta da rashin abinci mai gina jiki. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke, a Jihar Sakkwato kuwa adadin ya kai kashi 91. Wannan fa tun kafin a cire tallafin mai ke nan. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500. Ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, buhun shinkafa ya riga ya tsere masa.

A ɗaya gefen fa? A 2018 Sanata Shehu Sani ya fasa ƙwai, ya ce kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. A Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila ya gaya wa Sashen Hausa na BBC cewa abin ya kai miliyan 21. Ku raba da 70,000 ku gani: albashin ƙananan ma'aikata 300 ke nan, ko abin da masinja guda zai tara in ya shekara 25 bai taɓa ko sisi ba. A 2017, shekarar da Shugaba Buhari ya kwashe fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, uwargidansa da bakinta ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu. A 2022 jami'o'in gwamnati suka yi wata takwas a rufe, kuna zaune a gida hotunan 'ya'yan manya sanye da rigar kammala karatu a Ingila suna yawo a wayoyinku. Shekara guda kafin nan, a wani bikin manya da aka yi a Bichi, jiragen sama na ƙashin kai suka cika filin jirgin Kano, filin da ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano. A Disambar 2024 kuma kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Lokogoma da ke Abuja, waɗanda hukumar EFCC ta ce na wani tsohon babban jami'in gwamnati ne, kuma ana zargin da kuɗin haram aka gina su.

Wanda ya ga wannan duka bai ji zafi ba, shi ya kamata a duba lafiyarsa. Yawan fushinku bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne fushin nan ba ya tambaya, ba ya lissafi, shi ya sa wanda kuke fushi da shi yake iya ɗaukarsa haya ya yi aikinsa da shi.

Tambayar farko da ya kamata ta zo bakinku in kun ga mai hali ita ce: ina ya samo? Amsar ba iri ɗaya ba ce ga kowa. Ƙasar Hausa ta san attajirai tun kafin a haƙa rijiyar mai ko ɗaya. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara tsakanin Kano da Gwanja, da jirgin ƙasa ya iso Kano ya shiga sayen gyaɗa, har ya zama attajirin da ake ba da labarinsa a duk Afirka ta Yamma. Kowa ya san abin da yake saye da abin da yake sayarwa. Yau ma in kun shiga Kantin Kwari ko Singa ko Ƙofar Wambai, za ku tarar da mutanen da suka fara da ɗaukar dila a ka, suka yi shekaru suna yaron shago kafin ubangida ya sallame su, yanzu gidaje da yawa suna ci a ƙarƙashinsu. Irin wannan yana iya wayar gari gobara ta lashe shagonsa, ko dala ta tashi ta karya shi. Dukiyarsa tana da sawu, in ka bi za ka kai inda ta faro.

Ma'aikacin gwamnati kuwa albashinsa a rubuce yake, mataki-mataki. In ka ga darakta ko kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma wanda albashinsa na shekara talatin ba zai sayi fili a Maitama ba, amma yana da gida a can, da wani a Kaduna, da gidajen mai da sunan ƙanensa, ba sai an kira malamin lissafi ba. Abdulrasheed Maina an ɗora shi ne ya gyara harkar fansho. A Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure shi shekara takwas kan safarar kuɗin haram na sama da naira biliyan biyu. Ku tuna da tsofaffin da kuke gani suna rawar jiki a layin tantance 'yan fansho.

Akwai kuma na tsakiya, wanda ya fi wuyar ganewa. Ɗan kasuwa ake ce masa, amma kasuwarsa a ofishin gwamnati take ci. Kafin Yunin 2023, wanda ke da hanya yana iya samun dala a farashin gwamnati ya kai ta kasuwar canji ta Wapa ya sayar sama da naira 700, bai ɗinka ko hula ba, bai ɗauki kowa aiki ba. Haka ɗan kwangilar da aka biya shi kuɗin titi, titin yana nan a takarda kawai. Haka mai ɓoye hatsi a sito yana jiran talaka ya galabaita, irin zargin da ya sa hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau a Fabrairun 2024. Idan kuka haɗa waɗannan ukun kuka yi musu kuɗin goro, ɓarawon ne ya ci riba, don ya samu jama'ar da zai ɓuya a cikinta.

Na san abin da za a ce muku in kun fara tambaya. Za a ce hassada ce, Allah ne ya ba shi, hassada ga mai rabo taki. Ku saurara da kyau, don akwai gaskiya a ciki. In abin da ke cin ranka shi ne me ya sa wane ya samu kai ba ka samu ba, kana so a raba shi da abinsa ko da kai ba za ka ƙaru da komai ba, wannan ciwo ne, kuma kai zai fara ci. Amma wanda ya ce kuɗin maganin asibitin garinmu ina suka shiga, wannan haƙƙinsa yake nema, addini kuma bai taɓa hana shi ba. Ƙaruna ma an ba shi dukiya, kun san yadda ya ƙare. A cikin Sahabbai akwai manyan attajirai irin su Sayyidina Usman da Abdurrahman ɗan Aufu, ba wanda ya tsane su, domin an san inda suka samo, an kuma ga inda suke kaiwa. Usman ne ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina su sha kyauta. Da wani da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi, Annabi (SAW) bai bar maganar a ɗaki ba, kan mumbari ya hau ya nuna cewa da mutumin a gidan iyayensa ya zauna, da ba wanda zai kai masa kyautar. Sayyidina Umar kuwa yakan sa a rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗa shi, in dukiyar ta kumbura daga baya ya raba ta biyu ya mai da rabi baitulmali.

A nan gida ma haka. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa abubuwan da ya ƙi a mulkin sarakunan zamaninsa, har da jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa masu sarauta, da ƙwace dukiyar talaka. 'Yan shekaru kaɗan da fara jihadin 1804, ƙanensa Malam Abdullahi ya ga wasu daga cikin jama'arsu sun karkata ga dawakai da manyan riguna da tara dukiya, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. A Kano aka tsai da shi, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkami kan yadda ya kamata a yi mulki. Saboda haka duk wanda ya ce muku tuhumar shugaba kan dukiyar jama'a baƙon abu ne da aka kwaso daga Turawa, bai karanta tarihin gidansu ba.

Yanzu mu zo ga inda abin ya fi ciwo. Ranar 1 ga Agustan 2024 dubban matasa suka fito a Kano da Kaduna da Katsina da Maiduguri da sauran garuruwa suna cewa yunwa ta ishe su. Gaskiya suka faɗa, kuma tsarin mulki ya ba su damar taruwa su faɗa. Amma kafin rana ta faɗi a Kano, an fasa cibiyar fasahar zamani da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta gina, wadda ake shirin buɗewa cikin 'yan kwanaki, aka yi awon gaba da kayan ciki. Wa aka gina wa wurin nan? Ɗan minista yana da kwamfutarsa a ɗaki, yana da makarantarsa a waje. An shiga babbar kotun jiha da ke sakatariyar Audu Baƙo, daga baya gwamnatin jihar ta ce cikin abin da aka kwashe har da takardun shari'ar zargin almundahana da ake yi wa wani tsohon gwamna; ɓangarensa ya ce siyasa ce kawai. Ko wanne kuka gaskata, ku tambayi kanku: yaron da yunwa ta koro daga gida, me zai yi da fayil ɗin kotu? Aka sa dokar hana fita ta awa 24. Mai faci, da mai ƙosai, da ɗan dako, waɗanda sai sun fita suke ci, su suka kwana da yunwa a kan yunwa.

Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Arewa a waɗannan kwanaki, 'yan sanda sun musanta. Alhakin jinin duk wanda aka harba yana wuyan wanda ya harba da wanda ya ba da umarni, wannan ba ni da shakka a kansa. Ranar 1 ga Nuwamba kuma duniya ta ga yara ƙanana, ramammu, an gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan sun yi kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10, yaran da iyayensu ba su taɓa ganin miliyan ɗaya a dunƙule ba. Sai da aka yi ca a kan gwamnati kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su. A farkon Satumba kuwa, wata guda bayan zanga-zangar, an sake ƙara kuɗin mai.

Wanda ya iya hayar fushinku ya san sana'arsa. In yana adawa, bakinsa ya fi na kowa zaƙi wajen kiran talaka. In ya hau kujera, lambarsa ta daina shiga. Yana da 'yan jagaliyarsa da yake saya wa ƙwaya, yana da sojojin bakansa a gidajen rediyo, yanzu kuma ya ƙara da 'yan soshiyal midiya da ake tura wa kuɗin data su kwana suna zagin abokin hamayyarsa. Ku lura da kyau: wanda jiya ake kira ɓarawo, da ya sauya sheƙa ya shigo jam'iyyar uban gidansu sai ya zama jagora. In maganar kuɗi ta matso kusa da shi kuma, sai ya karkatar da ita ta koma Kudu da Arewa, ko Musulmi da Kirista, ku kuwa ku ɗauka da zafi. Babu Bayarabe ko Ibo da aka taɓa zaɓa gwamnan Sakkwato ko Jigawa ko Zamfara. Ajin da yara ɗari ke zaune a ƙasa, namu ne suka bar shi haka, waɗanda muke sahu ɗaya da su ranar Juma'a.

Ga kuma tambayar da ba ta da daɗin ji, amma sai na yi muku ita. A ce kawunku ya zama kwamishina, ya yi shekara huɗu, ya sauka da tsohuwar motarsa ya koma tsohon gidansa. Me za ku ce a kansa, tsakaninku da Allah? Na san abin da ake cewa: ba shi da amfani, ya yi wa kansa baƙin ciki, ya samu dama ya yi wasa da ita, ai kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Tun ranar da aka rantsar da shi ƙofar gidansa ta cika: wannan suna, wannan kayan ɗaki, wannan kuɗin asibiti, wancan kujerar Makka yake so. Kowa ya san albashinsa ba zai ɗauki ko rabin wannan ba, ba kuma wanda ya tambaye shi inda zai samo. Na san buƙata ce ke kai mutane maula, ba na yi wa mai yunwa dariya. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dubi yadda muke yi da wanda aka kama. Switzaland ta dawo wa Najeriya da sama da dala miliyan 300 na kuɗin Abacha a wajajen 2017, a 2020 aka sake dawo da wasu dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey, amma har gobe akwai masu rantsuwa cewa ajiya ya yi wa ƙasa. James Ibori, tsohon gwamnan Delta da kotun Landan ta ɗaure a 2012, da ya koma garinsu a 2017 da kiɗa da rawa aka tarbe shi. Joshua Dariye da Jolly Nyame, tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba da aka ɗaure a 2018, afuwa aka yi musu a 2022. Da yawa daga cikinmu satar ba ta dame su ba, abin da ke damunsu shi ne ba ta biyo ta gidansu ba. Wanda fushinsa irin wannan ne, muƙamin mataimaki na musamman ya isa ya warkar da shi. Mu kan yabi mai gaskiya in ya mutu, in yana raye kuwa wawa muke ce masa.

Kakanninku sun yi fushi irin naku, kuma a ƙarƙashin mulkin da ya fi wannan tsanani. Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. A lokacin talaka yana biyan haraji, Bafulatani yana biyan jangali, ana aikin tilas, 'yan doka na iya kama mutum don kawai bai cire takalmi ya durƙusa wa hakimi ba. An yi wa 'yan NEPU bulala, an ɗaure su a kotunan alƙalai, an kori wasu daga garuruwansu; Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku tun tana yarinya. Abin da suka yi shi ne suka kafa rassa unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye. Teloli da mahauta da 'yan koli da direbobi suna yankar kati da kuɗinsu. Suna zama a karanta musu doka, a gaya wa manomi nawa ne harajinsa na gaskiya don kada dagaci ya ɗora masa ƙari, a gaya masa yana iya ɗaukaka ƙara. Sun sha kaye a zaɓe, ba su watse ba. Sai a 1979, shekara 29 bayan kafa NEPU, magajiyarta PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Zaɓen da matan Arewa suke yi yau ma yana cikin abin da NEPU ta daɗe tana kira a kai tun ana yi mata dariya.

Jagoransu Malam Aminu Kano ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja. Gidan yana nan, shi ne Mambayya. Wanda ke Kano a cikinku ya je ya ga ɗakin da mutumin ya zauna, ya gwada da gidan kansilan mazaɓarsu.

To, me za ku yi? Ku koyi bin sawun kuɗi, don yau ya fi sauƙi fiye da zamanin NEPU nesa ba kusa ba. Duk wata ana zama a Abuja a raba kuɗin asusun tarayya tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi 774, kuma tun da aka cire tallafin mai abin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai, yakan haura naira tiriliyan ɗaya a wata. Hukumar Ƙididdiga tana wallafa abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu, yana nan a intanet, a wayar nan da kuke kallon TikTok. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba; ku bincika ko a jiharku an bi. Akwai naira biliyan 100 da aka saba ware wa ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya duk shekara, kuma shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana fitar da jerin ayyukan, gari-gari, da kuɗin kowanne. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukuma ta amsa takardarku cikin kwana bakwai. Ba kullum suke amsawa ba, amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa hujja ce a hannunku.

Kada ku ce za ku gyara Najeriya gaba ɗaya. Ku haɗu ku biyar ko goma a mazaɓarku ku ɗauki abu guda: rufin firamaren da ya yaye, ko asibitin sha-ka-tafi da ba ungozoma, ko rijiyar burtsatse da aka rubuta an yi alhali ba a yi ba. Ku nemo shi a kasafin kuɗi, ku ɗauki hoto, ku rubuta wa kansila da ɗan majalisa, ku ba mai unguwa da limami kwafi. In an yi shiru ku kai gidan rediyo. Mutanen Kano sun san abin da shiri irin Inda Ranka yake iya yi. Ku faɗi adadi, ku faɗi shekara, ku faɗi sunan aikin. Zagi yana ba su damar aiko muku da 'yan sanda su ce kun ci mutunci, amma adadin da ke cikin takardar gwamnati sai dai su yi bayani. Abin da ba ku da hujja a kansa kuma kada ku jingina wa kowa, ƙazafi zunubi ne ko a kan wanda kuka tsana.

Sai maganar ƙuri'a. A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Cikin waɗanda suka fito ma, kun ga waɗanda taliya da sabulu da atamfa suka juya. Tun kafin ranar zaɓe kuma an gama rabin aikin a zaɓen fid da gwani, inda daliget suka sayar da ku a ɗakin otal. Daliget ɗin nan daga mazaɓa suka fito, kuma a taron mazaɓa ba ku cika zuwa ba. Tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai.

Ina kuma jan kunnenku kan wata hanya da ɗacin rai ke jefa matasa. Mutum ya ce tunda kowa ɓarawo ne, ni ma bari in nemi tawa. Daga nan sai caca a waya, sai zuba kuɗin jari a wurin masu alƙawarin ninkawa. MMM ta kwashe na mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025. Wani ya ɗauki wuƙa ya shiga ƙwacen waya, wanda zai soka kuwa ɗalibi ne ko ɗan adaidaita, talaka ɗan'uwansa. Masu satar mutane a dazukan Zamfara da Katsina ma sukan ce zalunci aka yi musu, amma manomi suke ɗauka, danginsa su sai da gona su biya. Ku kuma 'yan mata, gasar lefe da gasar biki da kuke gani a waya, yawancinsu bashi ne ko kuɗin da ba za a so a tambayi asalinsu ba. Kada ki matsa wa saurayi mai sana'ar halal har ya fara tunanin abin da zai kai shi kurkuku.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai 'ya'yan masu hali. Ba laifinku ba ne da aka haife ku a gidan da aka haife ku. Amma ku sani ana ganinku: tseren motar da kuke yi a titin da mutane ke tafiya a ƙasa, da kuɗin da kuke liƙi kuna takawa a gaban ma'aikatan da ba a biya su albashi ba. Zakka, kashi biyu da rabi cikin ɗari na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, haƙƙin matalauci ce, ba alfarma kuke yi masa ba. A azumin 2024 an rasa rayuka a Bauchi, galibi mata, a turmutsitsin karɓar zakka. Ku gaya wa iyayenku a bi mabuƙaci har gida cikin sutura, a ba shi abin da zai ja jari, a daina tara mutane a rana a bakin ƙofa ana ɗaukarsu hoto. Ku biya direba da mai gadi da 'yar aiki a kan lokaci. In kuma kun girma kun gane cewa abin da aka raine ku da shi na jama'a ne, kuna da zaɓin kada ku ɗora daga inda aka tsaya.

Sauranku kuma ga abin da nake roƙo. Kafin wannan wata ya ƙare, kowannenku ya nemo nawa ƙaramar hukumarsa ta samu daga asusun tarayya a watan da ya wuce, ya rubuta a takarda, ya kai majalisar da yake zama ya karanta wa abokansa. Sannan ku ɗauki takardar ku je wurin kansilanku, ku yi masa sallama, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku tambaye shi nawa ne a ciki ya iso mazaɓarku, kuma me aka yi da shi.